Gadar Kennedy ba ta 'yan kwangila ba ce

Shekara hamsin da ɗoriya ke nan gadar Kennedy tana goye da Yamai, kuma har yau faɗinta bai ƙaru da ko taƙi ɗaya ba. A watan Disamba na 1970 aka buɗe ta, zamanin Diori Hamani, da kuɗin Amurka. Tsawonta mita 710 ne, hannu biyu kacal, ɗaya na zuwa ɗaya na dawowa. A lokacin mutanen birnin duka-duka dubu ɗari ne da 'yan kai, ƙetaren kogi kuwa ƙauyuka ne da lambuna. Ƙidayar 2012 ta nuna an haura miliyan ɗaya, kuma tun daga nan ba raguwa aka yi ba. Harobanda ta zama gari guda, da jami'ar Abdou Moumouni, da asibitin Lamorde, da hanyar Say da ta Torodi. Duk wannan jama'a ana cusa ta a maƙogwaron da aka auna wa Yamai ta zamanin kakanninmu.

Wanda bai yarda ba ya je ya tsaya a bakin gadar da ƙarfe bakwai da rabi na safe. Zai ga taksi na goga faba-faba, babura na kutsawa ta duk inda suka ga kafa, amalanken jaki ya tare hannu guda, raƙumi ɗauke da tabarmi ko itace yana tafiyarsa ta ƙasaita don shi babu mai yi masa oda ya ji. A ɗan siririn gefen da aka ware wa masu ƙafa kuwa, ga ɗalibai, ga mata da daro a ka, ga mai tura baro, kuma da hanya ta cushe sai masu babur su hau nan ɗin ma. Na taɓa ganin wata yarinya da kayan makaranta ta manne da ƙarfen gefe, ta juya baya ga hanya, ta rungume jakarta, tana jiran wani mai babur da ya ɗauro buhuna biyu ya wuce. Buhun ya shafi hijabinta. Ba ta ko ɗaga kai ba, shi ma bai waiwayo ba. Sun saba, kuma wannan sabon ne ya fi ƙona mini rai.

Don haka kada wani ya ce ina adawa da gyara. Gadar nan tana buƙatar faɗi, tana buƙatarsa tun shekaran jiya. Idan ka faɗa wa mahukunta haka, amsar a shirye take: ai an yi gada ta biyu a 2011, ta abotar Sin da Nijar, an kuma yi ta uku a 2021, ta Janar Seyni Kountché. Gaskiya ne, an yi, kuma sun rage wa tsohuwar kaya. Amma mai mota aka yi wa su. Ɗalibin da ya fito daga jami'a zai shiga tsakiyar gari da ƙafa, ko matar da ta ɗauko latas da kabeji daga lambu za ta kai kasuwa, wa ya ce za su yi zagayen kilomitoci cikin ranar Afrilu don su bi sabuwar gada? Kennedy ce a ƙofarsu, Kennedy za su bi. Masu zana taswirar birnin nan daga cikin mota mai sanyi suke kallon kogin, shi ya sa ba su ganin mai ƙafa.

Abin da nake tsoro shi ne ranar da za a farka. Na san halinmu. Mukan yi shekara da shekaru muna kallon abu yana lalacewa, sai ranar da wani ya hango miliyoyin sefa a cikinsa, a wayi gari an kafa allo, an kawo katafila, an ce ci gaba ya zo, duk wanda ya yi tambaya kuma maƙiyin ƙasa ne. Mun ga layin dogon da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa daga Yamai zuwa Dosso, aka yi biki, aka yi jawabi, ga shi nan kwance ba jirgin da ke jigila a kansa. Mun ga Ƙaramar Kasuwar Yamai, wadda ta ƙone a 2012, ba a mayar wa masu ita da ita ba. Mun ga yadda a 2019 aka sake shata iyakar gandun dajin Termit da Tin-Toumma saboda rijiyoyin mai. Wanda ya ga waɗannan, idan aka ce masa za a taɓa gadar Kennedy, dole gabansa ya faɗi. A wurin ɗan kwangila rushewa a sake ta fi gyara riba, domin gyara aikin lissafi ne da haƙuri, rushewa kuwa siminti ne da rodi da kaso.

To, a sani: wannan gada ba tarin siminti ba ce da za a sa wa guduma. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka fito daga jami'a, suka hau ta za su shiga gari, suna ƙin tsarin tsuke bakin aljihun da Bankin Duniya ya ɗora wa harkar ilimi. Jami'an tsaro suka tare su, suka buɗe wuta. Mutum uku hukuma ta amsa sun mutu: Alio Nahantchi, Issaka Kaïné da Abdou Mamane Saguirou. Zamanin Janar Ali Saibou ne, jam'iyya ɗaya ce a ƙasa. Jinin da ya zuba a kan kwaltar nan yana cikin abin da ya tilasta buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa, ya kai mu ga Babban Taron Ƙasa na 1991. Duk wanda ya taɓa dangwala yatsa a tawadar zaɓe a Nijar, da wanda ya taɓa zama minista ko ɗan majalisa, yana da bashin wannan wuri a wuyansa. Ƙungiyar ɗalibai ta USN ba ta fasa tunawa da ranar ba duk shekara. Me za a nuna wa 'ya'yanmu idan aka kankare wurin? Hoto a littafi? Muna da dokar kare kayan tarihi tun 1997. Idan ba ta iya kare inda aka harbi 'ya'yan ƙasa suna neman haƙƙinsu ba, sai a faɗa mana me take karewa ban da tukwanen da ke gidan tarihi na Boubou Hama.

Wani zai ce ai sunan Ba'amurke ne a kanta, mu kuma yanzu muna zamanin sauya sunayen tituna. A sauya suna idan an ga dama, wannan aikin fenti ne. Ni dai gadar nake magana, ginshiƙanta da shimfiɗarta, inda ƙafafun yaran nan suka taka.

Sai kuma masu gidan na ƙasa, waɗanda ba su da ƙungiya ba su da lauya. Kogin Isa ba magudanar ruwa ba ne da aka haƙa don a ɗora masa gada. Akwai dorina a sama da ƙasan Yamai. Akwai ayu, wanda ya yi ƙaranci har yaran yanzu sun fi sanin man da ake tallarsa da sunansa fiye da shi kansa. Dokar farauta ta 1998 ta hana kashe su biyun. Akwai kifin da Sarkawa ke ci da iyalinsu, akwai ciyawar burugu da dorina da shanun Fulani ke rabawa, akwai jemagun da ke tasowa daga itatuwan Plateau da magariba. Na san da zarar an ambaci dorina wani zai yi tsaki ya ce ga ɗan boko yana fifita dabba a kan mutum. Ba ni da wata soyayya da dorina. A watan Nuwamba na 2014 wata ta kifar da kwalekwale a wajen Libore, mutum 13 suka rasu, 12 daga cikinsu yara ne. A 2017 mutanen yankin Ayorou suka gaji da ɓarnar gonaki suka far wa dorinai, suka kashe da dama. Amma a tambayi kowane tsohon masunci me ke sa dorina ta addabi mutane. Zai ce an cinye makiyayarta, an matse ta, an tayar mata da hankali. Ka kawo injin buga turaku ka yi wata shida kana girgiza ruwa dare da rana, ka datse rabin kogi, ka kankare burugun gaɓa don ajiye tsakuwa, ina kake zaton za ta nufa? Gonar shinkafar talaka za ta nufa, da mashigin da yara ke hawa kwalekwale. Wanda ya raina lafiyar dabbar nan, da ran ɗan masunci yake caca, ba da nasa ba.

Kuma shi kogin ba ya yafiya. A 1985 ya tsaya cak a Yamai, mutane suka tsallaka da ƙafa. A Satumban 2020 ya kai kusan mita 7 a ma'aunin birnin, alhali jan layin gargaɗi santimita 620 ne, ya fasa madatsar Lamorde, ya kwana a ɗakunan mutane a Harobanda. Yashi yana cike cikinsa shekara bayan shekara. A irin wannan kogi, duk sabon ginshiƙin da aka dasa ba bisa lissafi ba, da duk tifar ɓaraguzan da aka juye a gaɓa don ɗan kwangila ya huta da kuɗin mai, tudu ne aka ƙara wa ruwa, kuma ruwan da ya rasa hanya unguwannin Karadje da Kirkissoye zai shiga. Saboda haka maganar muhalli a nan maganar katangar gidan mutum ce.

Abin haushin shi ne babu wani sirri a yadda ake irin wannan aiki. Injiniyoyinmu sun sani, a makarantunmu suka koya. Da farko a binciki tsohuwar: gindin ginshiƙanta da ruwa ke zaizaya, mahaɗanta, ƙarafunan gefenta, a faɗa wa jama'a abin da aka gani. Idan za ta iya ɗauka, a rataya mata baranda ta ƙarfe hagu da dama, mai faɗin da mace mai daro da mai keke za su gifta ba tare da wani ya manne da shinge ba, a raba ta da hanyar mota da katangar da babur ba zai iya hawa ba. Idan ba za ta iya ba, a gina mata ƙanwa a gefe, ta masu ƙafa da keke da amalanke da dabbobi, a jera sababbin ginshiƙai daidai saitin tsofaffin don kada a ƙara toshe ruwa. Manyan motoci masu kaya kuwa ba su da abin yi a kan gada mai shekara hamsin alhali ga sababbi biyu.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mayar da ita hannu huɗu don motoci. Cunkoson ba a tsakiyar ruwa yake farawa ba, a shataletalen bakinta yake. Ka ninka faɗin gada ka bar bakin yadda yake, ka dai ƙara wa motoci wurin tsayuwa ne a saman kogi, mai ƙafa kuma yana nan inda ka same shi, sai dai yanzu motocin da za su bi ta kansa sun fi gudu.

Lokacin aiki ma kogin ne ke da ikon faɗa. Yana cika sau biyu: jan ruwa a Agusta da Satumba, wanda Sirba da Dargol da Gorouol ke kawowa, sai baƙin ruwa da ke isowa daga tsaunukan Gini a cikin hunturu. Aikin cikin ruwa sai a bazara, idan ya ja baya, kuma da rana, a bar wa dabbobi darensu, domin da dare dorina ke fita kiwo. Wanda ya ci kwangila ya kwashe ɓaraguzansa har tsakuwa ta ƙarshe kafin a biya shi kason ƙarshe. Masu wanki da masu lambu da ke cin abinci a gindin gadar a zauna da su tun kafin a kafa allo, kada su ji labari a bakin katafila.

Dokar 2018 ta wajabta binciken tasirin aiki a kan muhalli, akwai ma ofishi guda, BNEE, da aka kafa don haka. Hedikwatar hukumar kogin ta ƙasashe tara a nan Yamai take. Jami'ar da ke da masana ruwa da ƙasa da tarihi a bakin gadar take, ana hango ta. Ba masana muka rasa ba. Abin da na ƙi shi ne rahoto mai shafi ɗari uku da Faransanci, wanda aka kammala bayan an riga an sa hannu a kwangila, aka kulle a durowa. A karanta shi a rediyo da Zabarmanci da Hausa da Fulatanci, a kira taro a Harobanda da rana tsaka, a bar Sarkawa da 'yan USN da matan lambu su yi wa injiniya tambaya ido da ido. Kafin nan kuma, tun gobe, a sa ɗan sanda a kowane bakin gada ya sauko da masu babur daga hanyar masu ƙafa. Wannan ba ya buƙatar bashin kowane banki.