Gwanjon Kwastam a Wayar Baba: Gaske ne ko Damfara?

A gidaje da yawa a Birnin Gwari, ku ne masu karanta wa iyaye saƙo a waya. Idan Baba ya ga hoton babur a Facebook an rubuta "gwanjon kwastam", ku zai miƙa wa wayar ya ce a duba masa. Kuɗin da za a tura kuwa galibi na masarar da aka sha wahalar nomawa ne. Shi ya sa a wannan makon muka tsaya a kan wannan batu.

Gwanjon kwastam na gaske akwai shi. Hukumar Kwastam ta Nijeriya ta fara sayar da kayan da ta kama ta intanet a shekarar 2017, ta kuma sake buɗe tsarin a watan Janairun 2024. A kan wannan gaskiyar 'yan damfara suke fakewa. Hukumar ta sha gargaɗin jama'a game da shafukan bogi da ake buɗewa da sunaye da hotunan manyan jami'anta.

To yaya za mu rarrabe? Mu fara da ma'anar kalmar kanta. Gwanjo tayi ne: kowa ya taya, wanda ya fi tsoka shi ke ɗauka. Ba wanda ya san farashin ƙarshe sai an rufe, ba kuma wanda zai iya yi maka alkawarin kai za ka ci. Saboda haka duk wanda ya ce "babur ɗin naka ne, turo kuɗin fom in ajiye maka", ya tona kansa. Ai ba a ajiye wa mutum kaya a gwanjo.

Mu ɗauki misali daga gida. Tun da aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a watan Nuwamban 2024, bayan shekaru tana rufe saboda matsalar tsaro, wasunku sun raka iyayensu kara. Kun taɓa ganin wanda ya biya kuɗin sa bai gan shi ba? Sai an zagaya shi, an duba haƙora, an ga tafiyarsa, ga dillali da kowa ya san gidansu. Abin mamaki, mutumin da ba za a iya cutarsa a kara ba, sai hoto ɗaya a waya ya raba shi da kuɗin kaka.

Sai ku duba adireshin shafin, harafi bayan harafi. Na hukumomin gwamnatin Nijeriya galibi yana ƙarewa ne da .gov.ng, kuma ba kowa ake bai wa wannan ba. Tambari da hoton jami'i cikin kaki ba hujja ba ne, ko ɗan aji ɗaya zai iya kwafo su. Gwanjon gaske yana buƙatar rajista da lambar biyan haraji, wato TIN, kuma a shafin ake tayi, ba a WhatsApp ba.

Babbar alama ita ce inda kuɗin zai faɗa. In an turo lambar asusu, kafin a tura ko sisi ku karanta sunan da ya fito. Idan sunan mutum ne, a tsaya nan. Hukuma ba ta karɓar kuɗi ta asusun ma'aikacinta, komai girman muƙaminsa.

Hoton ma ana iya bincikarsa. Ku sa shi a Google Lens. Sau da yawa za ku tarar babur ɗin da aka ce yana ajiye a Kaduna an ɗauko hotonsa ne daga wani tsohon talla na wata ƙasa.

Sannan ga gaggawa: "saura guda biyu", "yau za a rufe". Ana yin haka ne don kada a samu sukunin yin shawara.

Mun san faɗa wa babba cewa ana neman cutarsa ba abu ne mai sauƙi ba. Kada ku ce "Baba, ba ka gane ba". Ku nuna masa sunan da ke kan asusun, ku ce a bari a tambayi Malam ko wani ma'aikacin banki tukuna. Idan kuma an riga an tura kuɗin, kada a ɓoye don kunya. A sanar da banki a ranar, a adana rasit da duk saƙonnin, sannan a kai ƙara wurin 'yan sanda ko hukumar EFCC.