SHARHI: Ba daga cikin ɗaki kaɗai nawar intanet ɗin gida ke tasowa ba

Tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 kan kuɗin kira da data a Janairun 2025, masu intanet na kebul a gidajensu suka shiga auna abin da suke biya da abin da suke samu. Da yawansu sun duƙufa kan saitin na'urar Wi-Fi, ko saurin sauke fayil zai ƙaru.

Akwai abin da saiti ke gyarawa. Na'urar da aka cusa a lungu tana asarar ƙarfi. Zangon 5GHz ya fi na 2.4GHz sauri, sai dai bango mai kauri na raunana shi, kuma jona kwamfuta da kebul kai-tsaye ya fi su duka. Sauya DNS kuwa, da ake ta yayatawa, iyakarsa shafi ya ɗan buɗe da wuri. Ba ya ƙara wa fayil gudu.

Wani ƙorafin ma lissafi ne ya kuɓuce. Kamfani na sayar da sauri da megabit, kwamfuta na nuna megabayit, alhali takwas na farkon ne ke yin ɗaya na biyun. Mai biyan kuɗin 20Mbps ba zai wuce megabayit 2.5 a daƙiƙa ba, ko da ya kwana yana saiti.

Babbar matsalar tana wajen gida. A ranar 14 ga Maris, 2024, kebul huɗu na ƙarƙashin teku, wato WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har hada-hadar bankuna ta tangaɗa. A kan tudu kuma, masu aikin titi da ɓarayi na tsinke kebul, abin da ya sa Shugaba Bola Tinubu ya saka kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa a 2024. Sanya hannu kan doka daban, tsare ramin kebul daban.

Tsarin intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya ƙudurci 25Mbps a birane da 10Mbps a karkara. Duk wanda ya jona kebul, ya auna safe da dare, ya ga saurin bai kai wanda ya saya ba, kamfaninsa zai fara tuhuma. Idan an yi biris da shi, layin ƙorafi na NCC shi ne 622.