Tseren tsauni: sabon shiga ya fara daga gajere

A arewacin Ingila, musamman yankin tafkuna na Lake District da tsaunukan Yorkshire, akwai wani tsere da mutanen wurin suka gada daga makiyayan tumaki da masu yi wa baƙi jagora tun ƙarni na 19. Ana tashi daga filin ƙauye, a haye tsauni har ƙololuwa, a gangaro a dawo inda aka tashi. Galibi babu kwalta, babu alamar hanya kowane taku, babu mai miƙo maka ruwa. Wanda ke zaune a Manchester ko Leeds ko Sheffield, har da 'yan uwanmu da karatu ko aiki ya kai can, tsakaninsa da waɗannan tsaunuka tafiyar awa ɗaya ce ko biyu, kuma idan ya saba da gudu a gari, wata rana sai zuciya ta raya masa ya gwada. Tambayar da yakan yi wa kansa ita ce ko ƙafarsa za ta iya. A ganina wannan ba ita ce tambayar ba. Abin da ya kamata ya auna shi ne ko zai iya kula da kansa a lokacin da ya kasa gudun, yana shi kaɗai a saman dutse, ruwa na dukansa. Idan aka auna da wannan ma'auni, babban tsere mai suna bai dace da sabon shiga ba, kome ƙarfinsa.

Farkon abin da ke ruɗin mai gudun titi shi ne tsawon hanya. Ya kammala gudun yada ƙanin wani na kilomita 42 a Landan, sai ya ga an rubuta cewa tseren Ben Nevis kilomita 14 ne ko kusa da haka, ya ɗauka abin wasa ne. Ben Nevis shi ne tsauni mafi tsayi a Birtaniya, mita 1,345, kuma tseren yana tashi ne daga Fort William, kusan daidai da bakin teku, don haka duk tsayin nan sai an hau shi da ƙafa. Tun 1892 wani mahayin dutse ɗan Sikotlan, William Naismith, ya fitar da lissafin da har yau ake amfani da shi: mai tafiya ya ware awa ɗaya ga kowane kilomita 5, ya ƙara awa ɗaya ga kowane hawan mita 600. Da wannan lissafi, hawan Ben Nevis kaɗai ya kai nauyin ƙarin kilomita 11 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Shi ya sa Ƙungiyar Masu Tseren Tsauni ta Ingila, wato FRA, wadda aka kafa a 1970, ba ta kasa tserenta da tsawo kaɗai. Tana ba su harafi biyu. Na farko yana nuna tsananin hawa: A na nufin aƙalla mita 50 a kowane kilomita, B mita 25, C mita 20. Na biyu yana nuna nisa: S bai wuce kilomita 10 ba, M tsakanin 10 da 20, L daga 20 zuwa sama. Wanda bai iya karanta waɗannan haruffa biyu ba bai san abin da yake sa hannu a kai ba.

Hawan ma ba shi ne ke karya mutane ba. A hawa kowa haki yake, har gwanaye kan koma tafiya, hannu bisa gwiwa. Saukowa ce ke raba gwani da ɗan koyo, domin hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma taɓa ƙololuwa rabin aiki ne kawai. A gangara, naman cinya yana aikin birki ne yana miƙewa, irin aikin da gudun titi ba ya horar da shi, kuma ƙafa tana sauka kan jikakkiyar ciyawa da tsakuwa mai zamewa da taɓo. Kenny Stuart ya hau Ben Nevis ya sauko cikin awa 1 da minti 25 da daƙiƙa 34 a 1984, aka shafe fiye da shekara talatin ba a kamo shi ba, kuma irin wannan saurin ba daga huhu kaɗai yake zuwa ba, daga ido ne da idon sawu da suka daɗe suna karanta dutse. Sabon shiga yakan sauko a tsorace, ya ƙame jiki, ya gaji da wuri, sannan ya yi targaɗe. Targaɗe a titi ba komai ba ne, mutum ya tsaya ya tari mota. Targaɗe a mita 800 sama da ƙauye, jiki jiƙe da gumi, shi ne mafarin babbar matsala.

A nan ne maganar sanyi ta shigo, kuma ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. Zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi a kowane hawan mita 1,000, ban da abin da guguwa da ruwa ke ƙarawa. Ƙauyen Seathwaite da ke kwarin Borrowdale, a Lake District, yana samun ruwan sama fiye da milimita 3,000 a shekara, wato ninkin na Kano fiye da sau uku. Muddin mutum yana gudu, jikinsa na ɗumama kansa. Da zarar ya tsaya, jikakkiyar riga sai ta fara zuƙe ɗumin, kuma mugun halin wannan sanyi shi ne hankali yake fara taɓawa: mutum ya rikice, ya kasa zuge rigarsa, ya bi kwarin da ba nasa ba yana ganin daidai yake. A 2012 wani ɗan tsere mai shekara 63 ya rasu a tseren Buttermere Sailbeck bayan ya bar hanya cikin mummunan yanayi, kuma bayan binciken mutuwarsa aka ƙara tsaurara ƙa'idojin tsaro. A watan Mayun 2021 a lardin Gansu na ƙasar Sin, ƙanƙara da iska suka faɗa wa masu tseren kilomita 100, mutum 21 daga cikin 172 suka mutu, har da Liang Jing, ɗaya daga cikin gwanayen ƙasar. Da yawansu gajeren wando da 'yar shara kawai ke jikinsu. Shida daga cikin waɗanda suka tsira, wani makiyayi ne ya ja su cikin kogo ya hura musu wuta. Saboda irin haka ne FRA ta wajabta, a manyan tsere masu wuya, a ɗauki rigar ruwa mai hula da wandonta, da hular sanyi, da safar hannu, da taswira, da kamfas, da usur, da ɗan abinci. Kayan nan ba don gudu aka tanade su ba, don sa'ar da gudu ya ƙare ne.

Wani zai ce ai akwai masu shirya tsere, akwai masu tsayawa a hanya, ga kuma waya a aljihu. Gaskiya ne akwai su, amma mutum biyu ne ko uku a ƙololuwa suna rubuta lambobi, kuma tsakanin wannan ƙololuwa da ta gaba babu kowa sai tumaki. Idan gajimare ya sauko, wanda ke gabanka da taku ashirin sai ya ɓace maka, kuma bin bayan wani ba dabara ba ce, don wataƙila shi ma ɓata ya yi. Dokar FRA ta hana amfani da GPS wajen neman hanya a tserenta, ga shi sanyi yana cinye batir, sabis kuma ba ya shiga kwazazzabo. Masu ceto a tsaunukan Birtaniya 'yan sa-kai ne, suna barin aikinsu da iyalinsu su ɗauko makara a kafaɗa, kuma isowarsu kan ɗauki awoyi. Wannan ma ya amsa wa mai cewa balagagge yana da 'yancin jefa kansa cikin kasada. Yana da shi, amma a tsere kasadar ba tasa ba ce shi kaɗai: al'adar wasan ita ce duk wanda ya ga ɗan uwansa a faɗe sai ya bar tserensa ya tsaya a kansa, shi ma ya sha sanyin.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na masu cewa wannan duk hanyar kore baƙo ce, tsofaffin hannu na tsare ƙofa, kuma in ba a shiga ba yaushe za a koya. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Joss Naylor, gwanin wannan tsere kuma makiyayin Wasdale da ya rasu a 2024 yana da shekara 88, bai koyi dutse a aji ba, kuma babu wanda ya taɓa ƙwarewa da kallo. Sai dai shi a kan dutsen ya tashi yana bin tumaki, ya san kowane kwari kafin ya ɗaura lamba. Kuma ƙofar a buɗe take, ba dai ta inda sabon shiga ke hange ba. Tseren bikin wasanni na Grasmere bai kai kilomita 3 ba, daga fili ana ganin masu gudu har sama, kuma ƙungiyoyin ƙauyuka suna shirya gajerun tsere da yammacin ranakun bazara a kan kuɗi kaɗan. Ba su da sauƙi, wasu ma a tsaye suke kamar bango, amma kuskure a cikinsu yana ƙarewa ne da gurjewar gwiwa da ɗan jin kunya. Masu tseren Ben Nevis da kansu ba sa karɓar mutum sai ya kammala tsere uku na rukunin A, don haka tsanin a gine yake.

Wannan bambanci tsakanin tseren koyo da tseren gwanaye yana nan ko a nahiyarmu. Tseren Obudu na jihar Kuros Riba, wanda aka fara a 2005, a shekarun da aka yi shi hawa ne na kimanin kilomita 11 a kan titi, mai ƙarfin huhu kan iya gwada shi, wanda ya gaji kuma mota kan iya ɗauko shi. Tseren Dutsen Kamaru da ke tashi daga Buea ya kai mutum sama da mita 4,000, inda iska ke ƙaranci, ba kuma wurin koyo ba ne. Duka biyun tseren dutse ake kiransu.

Don haka mai niyya ya duba haruffan kafin ya biya kuɗi. Ya nemi BS ko CS, ko gajeren AS mai alamun hanya, a lokacin bazara. Ya je ya taka hanyar da ƙafa tun kafin ranar, da taswira a hannu, ya shiga ƙungiyar gudu ta kusa da shi ya bi su atisaye, ya sayi takalmi mai haƙora. Tseren da aka rubuta masa AL, ko aka ce sai mai iya neman hanya, ya bar shi sai baɗi.