Daga Zariya Zuwa Dutse: Tafiyar Minti 45 da Ba Ta da Fasinja

Tsakanin filin jirgin sama na Zariya da na Dutse akwai tazarar kimanin kilomita 190, idan aka auna kai tsaye ba tare da bin lanƙwasar hanya ba. Ƙaramin jirgi mai gudun kilomita 250 a awa zai cinye ta cikin minti 45 ko makamancin haka. Lissafin daidai ne, amma ba ya amfanar ɗan kasuwar Gazara ta ƙaramar hukumar Maƙarfi da ke da sabga a babban birnin Jigawa.

Dalili na farko shi ne babu jirgin fasinja da ke zirga-zirga tsakanin filayen biyu. Na Zariya filin horo ne, mazaunin kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da aka kafa a 1964. Na Dutse kuwa, wanda aka buɗe a 2014 zamanin mulkin Sule Lamido, bai samu cinikin da zai cika shi da jirage kullum ba. Wanda ya nace sai ta sama, dole ya yi kudu ya wuce Zariya zuwa filin Kaduna, ya nemi jirgin da zai kai shi Abuja ko Legas, sannan ya jira na Dutse idan ya dace da ranarsa. Maƙwabcinsa da ya hau mota bayan sallar asuba, ya bi ta Kano da Wudil, zai yi azahar a Dutse.

Kamfanonin jirage ba ƙeta suke yi ba. Jirgi ya fi shan mai a lokacin tashi da hawa sama, kuma kuɗin sauka da na ma'aikata ba sa raguwa don tafiya gajera ce. Idan tazara ta yi kaɗan, sai kujera ta yi tsada, lokacin da aka rage a sama kuma ya salwanta wajen zuwa fili da bincike da jira. Shi ya sa a 2023 Faransa ta haramta wasu gajerun tafiye-tafiyen jirgi na cikin gida a inda jirgin ƙasa zai kai mutum cikin awa biyu da rabi.

Wannan ba ya nufin ƙananan filaye ba su da rana. Suna sauƙaƙa jigilar alhazai, suna ceton rai a lokacin gaggawa, kuma inda 'yan bindiga suka tare hanya, sama takan zama mafita ga mai hali. Sai dai kuɗin gwamnati ba kogi ba ne, abin da aka zuba a titin saukar jirgi an hana wa wani aikin.

Manomin tumatir a Ikara da mai rake a Kudan ba sa auna tafiya da taswira. Awonsu shi ne lokacin da kaya zai ɗauka daga gona zuwa kasuwa kafin ya lalace, da lokacin da mai naƙuda za ta ɗauka kafin ta isa asibiti. Abin da zai rage musu wannan lokaci shi ne gyaran hanyoyin karkara da ke haɗa su da babban titin Zariya zuwa Kano, da kammala layin dogo na Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021.

Saboda haka, duk gwamnan da ya zo da alkawarin sabon filin jirgi, ya kamata a tambaye shi jirage nawa za su riƙa sauka a mako, da kuma awa nawa talakan ƙauye zai rage daga ƙofar gidansa zuwa inda ya nufa.