Kafin Ka Sayi Turbo Mai Araha, Nemi Abin Da Ya Kashe Tsohon

Jama'a masu BMW 335i mai injin N54, wadda aka fara fitarwa a 2006, ku matso kusa. Motar nan turbo biyu gare ta ƙirar Mitsubishi, kuma an san ciwonsu: ƴar ƙofar da ke sakin rarar hayaƙi tana sakwarkwacewa, ka riƙa jin kacau-kacau idan ka ɗaga ƙafa daga totur. Abin ya yi yawa har BMW a Amurka ta tsawaita garantin wannan matsala zuwa shekara 8 ko mil 82,000. Duk wadda ke hannunmu yau ta wuce nan tuntuni, gyara daga aljihunka ne.

A ganina, yawancin masu neman sauƙi a wurin da bai dace ba suke tsuke hannu.

Bakanike ya ce turbo ya mutu? Dakata tukuna. Sayi ƴar na'urar OBD2 mai Bluetooth, ka haɗa da wayarka, ka karanta lambar matsalar da kanka. Idan 30FF ta fito, ma'anarta iskar da ake turawa injin ba ta kai yadda ake so ba. Sau da yawa ƙaramin tiyo ne ya tsage, ko bawul ɗin lantarki da ke sarrafa ƙofar nan ya gaji. Kuɗinsu bai kai komai ba a kan turbo.

To idan shuɗin hayaƙi na fita ta salansa, kuma sandar ciki tana rawa, nan kam ya tafi. Na gwanjo daga Ƙofar Ruwa ko Panteka caca ce, domin shi ma tsoho ne kamar naka. Sabo marar suna na intanet kuwa, ka tuna abin nan yana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya. Idan ba a daidaita farfelarsa da na'ura ba, ba zai daɗe ba. Ni na fi yarda da a bar gangar jikin na asali, a canza cikinta da wanda aka daidaita, a gyara ƙofar.

Amma fa inda ba a rowa shi ne bututun baƙin mai. Mai yana ƙonewa ya daskare a ciki, hanya ta toshe, turbo ya yi ta gudu a bushe. Ka ɗaura sabo a kan tsohon bututu, wallahi za ka sake dawowa gareji. Canza na shiga, a wanke na fita, a sa sabon mai da filta.

Kuma ka yi biyun lokaci guda. Wurin a matse yake, galibi sai an sauke ƙarfen da ke ƙarƙashin injin kafin hannu ya kai, kuɗin aikin nan ba wanda zai so biyansa sau biyu. Ka tsaya a kai ka ga an ɗura mai a cikin turbo kafin a tayar da motar.