Manhajar maimaita kiɗa da za ta san kalangu, matasan Kano ya kamata su rubuta ta

Duk mai sauraron waƙoƙin Kannywood ya san kiɗan fiyano. Yawancinsa a sutudiyo ake haɗa shi da fiyanon Yamaha da manhajoji irin FL Studio, a buga ɗan gajeren kiɗa, a sa kwamfuta ta yi ta maimaita shi. Abin da ke kai saƙo tsakanin fiyano da kwamfuta shi ne MIDI, tsarin da ya fito a 1983.

Lambobi kawai MIDI ke ɗauka: wane maɓalli aka danna, daga 0 zuwa 127, da wane ƙarfi, da lokacin da aka sake shi. Manhajar maimaitawa takan ajiye lambobin da lokutansu, in ta kai ƙarshe ta koma farko.

Matsalar ita ce ba don kiɗan Hausa aka tsara kayan nan ba. Jerin kayan kiɗa 128 na General MIDI, wanda ya fito a 1991, yana da sitar na Indiya da koto na Japan, amma babu kalangu, babu kakaki. Sannan masu haɗa kiɗa sukan sa manhaja ta jera kowane bugu daidai a kan layi. Shi kuwa makaɗin kalangu matsa igiyoyi yake a hammata, muryar ta hau ta sauka kamar magana. Da an daidaita bugunsa, armashin ya tafi.

Wasu za su ce manyan manhajoji ma suna iya gyara wannan. Gaskiya ne, amma da dala ake sayen su, kuma ba da kalangu a rai aka rubuta su ba. Matashin da ke Karaye, ko Rogo, ko Yola ta yammacin Kano, waya ce jarinsa, kuma Android ta fara karɓar MIDI tun 2015. Kebul ɗin OTG ya isa ya haɗa ta da fiyano mai USB.

Aikin farko bai fi ƙarfin mai koyo ba. Manhajar ta bar kowane bugu a inda makaɗi ya sa shi, ta ajiye saƙon lanƙwasa sauti wanda ke kwaikwayon hawa da saukar kalangu, ta kuma kashe duk sautin da ya rage kafin ta koma farko, don kada ya maƙale. Wanda ya tashi yana jin kalangu a gidan biki ne zai gane ko ta yi daidai.