Tanadin Kaka da Haƙƙin Tsohon Doki

A gidanmu da ke cikin birnin Sakkwato akwai wani akawal da mahaifinmu ya rasu ya bari. Shekarunsa sun haura ashirin, haƙoransa sun zaizaye, rabonsa da hawan salla kuwa an daɗe. Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a watan Nuwamba, sai ya kama tari. Idan kuma bazara ta tsananta a watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan kan haura maki 40, haƙarƙarinsa kan fito har a iya ƙirgawa.

'Yan'uwa sun sha ba ni shawarar in kai shi kasuwar Kara in huta. Hujjarsu ba abar yarwa ba ce. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma rufe iyakar Illela na wasu watanni bayan juyin mulkin Nijar, farashin gero da dusa ya yi tashin gwauron zabo. Ina dalilin ciyar da dabbar da ta daina aiki?

A ganina, nauyin dokin bai kai nauyin sakacinmu ba. Bahaushe ya bambanta tsimi da tanadi, ko da yake ɗalibai kan gwama su a jarrabawa. Tsimi shi ne cancana abin da ke hannu. Tanadi kuwa shiri ne tun kafin bukata ta zo. Iyayenmu da suka ga farin 1973 da na 1984 da shekara suke lissafi. Da kaka suke cika rumbu, su ɗaure harawa su jibge a bisa rufin ɗaki ko a reshen bishiya, domin sun san damin da ake rokon mutum ya saya a watan Nuwamba, shi ne zai nema ido rufe a watan Mayu. Mu kuwa ma'aikata mun koma lissafin wata-wata, muna sayen komai a lokacin da ya fi tsada, sannan mu ɗora wa dabba laifi.

Na sani akwai wanda albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, balle ya sayi abincin rabin shekara. Wannan gaskiya ce. Amma adashin da muke shiryawa domin biki da salla, me zai hana a tsara kwasarsa ta faɗo daidai da kaka?

Haka muka yi bana, mu huɗu a unguwa. Kwasata ta zo a watan Nuwamba, na sayi harawa da dusar da nake jiƙa masa saboda haƙoransa. Da ƙanena ya sake tayar da maganar Kara, sai na kai shi bayan gida na nuna masa rufin ɗaki.